Masu Karanta Ƙanƙara

Ƙarfe biyar na asuba, amma agogo ne kaɗai ya san asuba ce, domin a watan Disamba rana a wannan yanki ɗan nutso kawai take yi ta sake ɓullowa. Fasinjoji na cikin bargo. A saman jirgin kuwa ma'aikata uku sun riga sun kwance igiyoyin da suka ɗaure wani baƙin kwalekwalen roba, sun saƙala masa ƙugiya, injin ɗaga kaya ya ɗauke shi cak ya juya da shi waje, ya fara sauke shi sannu a hankali ta gefen jirgi. Matuƙin na tsaye a ciki, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan yana yi wa mai injin alama. Da kwalekwalen ya taɓa ruwa ba ya gaggawar cire ƙugiya. Sai ya tayar da injin baya tukuna, ya saurari ƙararsa, ya duba ya ga siririn ruwan da ke sanyaya injin yana tsartuwa ta baya, sa'an nan ya saki ƙugiya ya ja gefe. Wanda ya saki ƙugiya kafin inji ya tashi, iska ce za ta zaɓa masa inda zai nufa.

Wurin shi ne gaɓar Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen duniya ta kudu, a dogon hancin ƙasar nan da ya miƙo wajen Kudancin Amurka. Galibin jiragen masu yawon buɗe ido daga Ushuwaya suke tashi, wani gari a ƙarshen ƙasar Ajantina, su bi mashigin Beagle su faɗa mashigin Drake, inda raƙuman ruwa ke gudu babu tudun da zai tare su. Kwana biyu ake yi ana tsallaka shi. Lokacin tafiyar daga Nuwamba zuwa Maris ne, wato sa'ad da muke fama da hunturu su a can suke cikin ɗuminsu, ɗumin da bai wuce ma'aunin zafi ya tsaya kusa da sifiri ba. Tun 1966 da Lars-Eric Lindblad ya kai ayarinsa na farko harkar take ta girma, har a kakar 2022 zuwa 2023 waɗanda suka je suka haura 100,000. Abin da ke kai su sananne ne: kogunan ƙanƙara masu gangarowa daga tsaunuka su zube a teku, da tsuntsun fengwin mai tafiya a tsaye kamar mutum, da kifin wel wanda girmansa ya fi babbar mota. Hotunansu sun cika duniya. Ni abin da ya fi riƙe mini hankali shi ne aikin mutanen da ke kai baƙo wurin, su sauke shi a gaɓar da babu tasha babu gada, su dawo da shi lafiya, wurin kuma ya zauna kamar ba wanda ya taka shi.

Aikin daga ɗakin tuƙi yake farawa, can sama inda kyaftin da mataimakansa suke tsaye a bayan dogon gilashi. Baƙo idan ya leƙa teku, fari kawai yake gani. Su kuwa iri-iri suke gani, kuma kowane iri da yadda ake bi da shi. Akwai ƙanƙarar teku, wato ruwan gishirin da ya daskare, wanda ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kimanin digiri 1.8 ƙasa da sifiri. Farkonta kamar maiƙo take a kan ruwa, daga nan ta zama faya-fayai masu tudun baki kamar waina saboda gogar juna, sa'an nan ta haɗe ta zama shimfiɗa. Wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba tana da 'yan aljihunan ruwan gishiri a cikinta, don haka tana da ɗan laushi, jirgi mai ƙarfin goshi na iya ture ta ko ya tsaga ta. Akwai kuma ƙanƙarar tudu, wadda asalinta dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba a kan nahiyar shekara da shekaru, ta sama na danne ta ƙasa, har ta dunƙule ta yi taurin siminti. Ita ce ke gangarowa a matsayin kogin ƙanƙara, idan ta iso teku ta ɓalle ta zama tsaunin ƙanƙara mai yawo. Wannan ba a ture ta. Kauce mata ake yi.

Babban tsauni ba shi ne abin tsoro ba, ko da yake kusan kashi tara cikin goma na jikinsa a ƙarƙashin ruwa yake. Ana hango shi daga nesa, na'urar rada ma na nuna shi sarai. Wanda ke hana matuƙi ƙifta ido shi ne ɗan gutsuren da bai kai mita ɗaya a saman ruwa ba, wanda ma'aikatan jirgi ke kira da sunan da ke nufin mai gurnani, saboda ƙarar da yake yi idan igiyar ruwa na ɗaga shi tana sauke shi. Girmansa kamar ƙaramar mota, nauyinsa tan masu yawa. Sau da yawa garau yake kamar gilashi, don haka launin ruwan da ke kewaye da shi yake ɗauka, ya yi duhu. Rada na rikita shi da tsallen igiyar ruwa. Sai ido. Shi ya sa duk na'urorin da suka cika ɗakin tuƙi ba su sallami mutumin da ke tsaye da madubin hangen nesa ba, yana share teku daga hagu zuwa dama, ya dawo, ya sake, awa huɗu cur. Abin da yake nema shi ne wurin da ruwa ya karye ba dalili, ko ɗan farin kumfa da ke bayyana ya ɓace a wuri ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Sararin sama ma littafi ne a gare su. Idan ƙasan gajimare can nesa ya yi wani haske fari-fari, ƙanƙara ce a ƙarƙashinsa take mayar masa da haske, ko da ba a hango ta ba tukuna. Idan kuma a tsakiyar farin aka ga zane mai duhu, to buɗaɗɗen ruwa ne a wurin, hanya ke nan. Yawan ƙanƙarar da ta rufe teku da kashi goma ake auna shi: uku cikin goma jirgi na ratsawa yana kewaye, bakwai cikin goma sai an nemi tsaga an bi, goma cikin goma an rufe ƙofa. Hotunan tauraron ɗan Adam na zuwa, amma kafin su iso iska ta riga ta sake shiri. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma a nan kimar ido ce ake tuƙi da ita.

Shiga cikin ƙanƙarar ma da ladabinsa. Ana rage gudu tun kafin a iso bakinta, a fuskance ta kai tsaye da goshin jirgi, inda ƙarfen ya fi kauri, kada ta goge shi a haƙarƙari. Bayan goshi ya taɓa ta sai a ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Ba a juyawa da ƙarfi, domin juyi na wurga bayan jirgi gefe, kuma a bayan ne farfela da abin juya jirgi suke, su ne mafi rauni. In ja da baya ya kama, sai an miƙe abin juyin tsaf kafin a motsa. Kullum kuma kyaftin na lura da inda iska ta dosa, don tsagar da ya shiga da hantsi tana iya rufewa a bayansa kafin azahar. Haka ƙanƙarar tekun Weddell ta kama Endurance, jirgin mai bincike Shackleton, a 1915, ta matse shi wata da watanni har ta murƙushe shi. Sai a watan Maris na 2022 aka gano gawar jirgin a zurfin fiye da mita 3,000.

Wani misalin ya fi kusa, kuma kowane mai wannan sana'a ya san shi. Ranar 23 ga Nuwamba 2007 jirgin yawon buɗe ido Explorer ya shiga wani filin ƙanƙara da dare a mashigin Bransfield. Binciken da ƙasar Laberiya ta yi, tun da tutarta jirgin ke ɗauke da ita, ya nuna an ɗauki ƙanƙarar a matsayin mai laushi 'yar shekara ɗaya, alhali akwai mai tauri ta tudu a cikinta. Jirgin ya huje ya nutse. Allah ya kiyaye, teku na kwance a ranar, mutum 154 da ke ciki duk suka tsira bayan sun yi awoyi cikin kwalekwalen ceto. Kuskuren karatu ne, na bambance ƙanƙara da ƙanƙara. Tun 1 ga Janairu 2017 akwai dokar ƙasa da ƙasa ta musamman ga jiragen da ke shiga tekunan ƙanƙara, wadda ta shafi ƙirar jirgi da kayan ceto da horon da dole matuƙa su samu. Doka ce mai kyau. Amma takardar shaida ba ta ba mutum idon da shekaru ashirin na tsayuwa a bayan gilashi ke bayarwa.

Taswirar ma ba ta cika ba. Wurare da yawa na gaɓar ba a auna zurfinsu yadda ya kamata ba, don haka jirgi kan bi sawun jiragen da suka riga shi, in kuma sabon lungu ne a tura kwalekwale gaba da na'urar auna zurfi yana faɗo lamba ta oba-oba. Gwani na da wata dabara da ta burge ni ƙwarai. Idan ya ga tsaunukan ƙanƙara na tafiya da ruwa amma ɗaya ya tsaya cik, ya san gindinsa ya kafe a ƙasa, wato akwai tudu a wurin, kuma daga tsayin tsaunin yana iya ƙiyasta zurfin ruwan. A ƙofar tsibirin Deception, wanda sunansa ke nufin yaudara, wani dutsen wuta ne da teku ta shige cikin bakinsa, akwai dutse a tsakiyar siririyar mashigar, mita biyu da rabi kacal ƙarƙashin ruwa. Jirgi sai ya raɓi bangon dutse ta gefe ɗaya ya wuce, kuma a wannan 'yan mintoci ba ka jin tari a ɗakin tuƙi.

Kafin a kai ga sauka ƙasa akwai wani aiki da ake yi tun ana tsakiyar Drake, wanda ba ya shiga hoto. Kowane fasinja zai kawo duk abin da zai sa ya fita da shi: riga, wando, hula, safar hannu, jaka, har ƙafafun kyamara. A baje a tebur, a bi su da injin zuƙe ƙura, a juye aljihu, a bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Maƙalin nan na riguna mai kamawa kamar ƙarangiya shi ne ya fi ɓoye laifi, sai an sa matsefata an tsince shi. Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka ya dawo gida ya zauna cire ƙarangiya daga ƙafar wando ya san yadda iri ke bin mutum ba da saninsa ba. Tsirrai masu fure iri biyu ne kawai 'yan asalin Antaktika, wata ciyawa da wani ɗan tsiro mai kwanciya a ƙasa kamar matashi. Baƙuwar ciyawa guda ta riga ta samu gindin zama a tsibirin King George, kuma an sha wahalar tuge ta. Saboda haka ma'aikacin da ke duba kaya ba ya jin kunyar mayar wa babban mutum jakarsa ya ce, ranka ya daɗe, a sake duba wannan aljihun. Wani na ganin abin ya yi yawa a kan ƙwayar iri ɗaya, yana so ya koma ya kishingiɗa. Ma'aikacin ba ya gardama. Murmushi zai yi, ya miƙa masa matsefata.

Yanzu mu koma ga kwalekwalen da muka bari a ruwa. Zodiac ake kiransa, sunan kamfanin Faransa da ya shahara da ƙera shi, kuma da irinsa ne likita Alain Bombard ya tsallaka tekun Atilantika shi kaɗai a 1952. Tsawonsa ya kusa mita shida, yana ɗaukar fasinja goma zuwa goma sha biyu, suna zaune a kan bututun roba da ya kewaye shi. Bututun ba ɗaki ɗaya ba ne, an raba shi gida-gida, ko ɗaya ya huje sauran na riƙe da shi. Gindinsa ba shi da zurfi, don haka yana iya hawa har bakin tsakuwa. Matuƙi a tsaye yake a baya, hannunsa a kan sandar injin, wadda da ita ake juyawa da ita ake ƙara wuta. A cikin masu wannan aiki mata suna da yawa, kuma wasu daga cikinsu masana tsuntsaye ne ko duwatsu, tuƙin ƙari ne a kan iliminsu.

Binciken safe ba a tsallake ko ɗaya daga cikinsa. Zai danna kowane gida na bututun da gwiwa ko tafin hannu, domin iskar da aka hura a saman jirgi tana tsukewa idan ta ji sanyin ruwa, kwalekwalen da ya yi tauri ɗazu ya koma lagwaf, sai an ƙara masa da famfo. Zai duba mai, da tankin ajiya, da filafili, da anka, da igiyar jefawa, da oba-oba, da na'urar da ke nuna masa inda yake idan hazo ya sauko. Sa'an nan ya ɗaura wata jar igiya a ƙafarsa ko a jikinsa, wadda ɗaya bakinta ke maƙale da makunnin inji. In ya faɗa ruwa, igiyar za ta fizge, inji ya mutu nan take, kada kwalekwale ya yi ta kewaye da farfela a kansa. A ruwa mai irin wannan sanyi, cikin 'yan mintoci yatsun mutum ke daina yi masa biyayya. Mai son jiki, wanda ke cewa ai jiya na duba, ba ya daɗewa a wannan sana'a. Abokan aikinsa ne za su fara ƙin shiga kwalekwalensa.

Kwalekwalen farko ba ya ɗaukar fasinja. Jagoran tafiya ne da 'yan tawagarsa ke zuwa leƙen gaɓa. Za su duba inda igiyar ruwa ta fi sauƙi, ko ƙanƙara ta toshe bakin, ko dabbobi sun mamaye wurin sauka, ko akwai matattun tsuntsaye da yawa, alamar cuta. Tare da su akwai manyan jakunkuna masu ɗauke da tanti da abinci da ruwa da barguna, waɗanda ake ajiyewa a tudu kafin ƙafar fasinja ɗaya ta taka ƙasa, saboda yanayi na iya juyawa ya raba mutane da jirginsu na awoyi. Sai su kafa tutoci su shata hanyar da za a bi. In jagora ya ga abin bai yi masa ba, zai kira jirgi ya ce yau babu sauka. Mutanen da suka biya kuɗi masu yawa za su ɓata rai, wasu har su yi magana. Wannan kalmar, a ganina, ita ce mafi wuyar furtawa a duk aikin, kuma mai iya furta ta ba tare da rawar murya ba shi ne gwani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In an ce a zo, kyaftin zai juya jirgin ya ba iska gefe ɗaya, domin gefen da ƙofar take ya samu lafawa. Sau da yawa ba ya ma jefa anka, da inji yake riƙe jirgin wuri ɗaya, don ya iya matsawa idan wani tsauni ya doso. Fasinjoji na fitowa rukuni-rukuni, kowa da rigar kariya daga nutsewa da dogon takalmin roba, a rubuta fitarsa, ya taka cikin kwamin maganin kashe ƙwayoyin cuta. A bakin ƙofa kwalekwale na hawa da sauka da numfashin teku, wani lokaci mita guda. Matuƙi na danna goshinsa jikin matakala da ɗan ƙarfin inji. Ma'aikacin ƙofa zai karɓi jakarka tukuna, don hannuwanka biyu su zama a sake. Ba tafi da tafi ake kamawa ba, domin safar hannu jiƙaƙƙiya na zamewa. Kai ka kama tsintsiyar hannunsa, shi ya kama taka, ko ɗayanku ya saki ɗayan na riƙe. Idonsa ba a kanka yake ba, a kan ruwa yake. Dakata, zai ce. Dakata. Da kwalekwale ya taso ya kai ƙololuwa, a ɗan tsayawar nan da yake yi kafin ya koma ƙasa, sai ka ji: yanzu! Ka taka bututu, ka taka ƙasa, ka zauna nan take, sa'an nan ka ja jiki a zaune zuwa inda aka nuna maka. Mutum ɗari a safiya ɗaya, ciki har da tsofaffi masu sanda, kuma kowanne sai an jira masa tasa igiyar ruwan.

Tsakanin jirgi da gaɓa sau da yawa ruwan cike yake da ɓaraguzan ƙanƙara. Matuƙi na rage wuta ya bar goshi ya riƙa ture su, kunnensa na kan farfela, in babban gutsure ya shige ƙarƙashi ya cire giya har ya wuce. Idan za a kewaya tsaunin ƙanƙara, ƙa'idar masu sana'ar ita ce a bar tazarar da ta ninka tsayinsa biyu. Dalili kuwa, ruwa na cin tsaunin ta ƙasa, nauyinsa na sauya wuri, wata rana ba sallama sai ya kife. Tarihinsa a rubuce yake a jikinsa ga mai iya karatu. Layukan da suka karkace a gefensa tsofaffin bakin ruwa ne, shaidar ya taɓa jirkicewa. Inda ya yi santsi da 'yan ramuka, wurin ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Inda ruwan gefensa ya yi kore mai haske, ƙafarsa ce ta miƙo a ɓoye, in ya motsa ita za ta taso. Mai ƙofa kamar soro kuwa, duk kyansa, duk roƙon masu kyamara, ba a shiga ƙarƙashinsa.

Gaban kogin ƙanƙara ya fi haka. Bango ne tsaye mai tsayin bene hawa da yawa, da tsagogi shuɗi kamar an zuba baba. Shuɗin na zuwa ne daga tsananin dannuwa: an matse kumfar iska daga cikin ƙanƙarar, haske na shiga da nisa, ta shanye ja ta dawo da shuɗi. Ba a matsarsa ƙasa da mita 200, in mai yawan zubewa ne a ƙara nisa. Matuƙi na tsayar da kwalekwale goshinsa na kallon hanyar fita. Idan wani ɓangare ya ɓalle, ido ne ke fara gani kafin ƙarar ta iso kamar aradu, kuma ba faɗuwar ce damuwarsa ba, igiyar ruwan da ke biyo baya ce. A ruwa mai zurfi zai juya ya fuskance ta, ta ɗaga shi ta wuce. A bakin gaɓa ne take tashi tsaye, shi ya sa a gaɓar Neko, inda kogin ƙanƙara ke daf da wurin sauka, ba a barin kowa ya yi jinkiri a bakin ruwa, ana sauka sai a hau tudu.

Gwanin matuƙi ya san lokacin da zai kashe inji. Sai shiru ya sauko, irin wanda kunne bai saba da shi ba, daga nan ka fara jin wani ɗan ƙas-ƙas ta ko'ina kamar ana suya a nesa. Kumfar iska ce da ta daɗe ƙulle cikin ƙanƙara take fashewa tana fita yayin da gutsattsarin ke narkewa. Wani lokaci cikin shirun nan sai ka ji wani dogon huci, kifin wel ya taso shan iska, domin sunan kifi kawai gare shi, da huhu yake numfashi kuma shayar da ɗansa yake yi. Matuƙi ba ya bin sa, ba ya tare masa gaba. Yana zaune ya bar dabbar ta zaɓa. In ta ga dama ta zo ta wuce ta ƙarƙashin kwalekwale, farin fiffikenta na haske cikin ruwa.

A bakin gaɓa ma'aikata na tsaye cikin ruwa har cinya. Matuƙi na ƙirga igiyoyin ruwa, ya bar manya su wuce, ya hau bayan ƙarama, a daidai lokacin ya ɗaga inji kada farfela ta daki dutse. Inda ruwa ke da ƙarfi, kamar gaɓar tsibirin Kudancin Jojiya, masu tarba na juya kwalekwalen goshinsa ya kalli teku, a sauka ta baya. Fasinja na jan jiki zuwa bakin, ya juya ƙafafunsa ta wajen teku, ya sauka cikin ruwa. Ƙa'idojin tudu ƙungiyar masu kai baƙi ta IAATO, wadda aka kafa a 1991, da ƙasashen yarjejeniyar Antaktika ta 1959 ne suka tsara su: kada fiye da mutum 100 su kasance a ƙasa lokaci ɗaya, jagora ɗaya ga kowane mutum 20, jirgi ɗaya a wuri ɗaya, jirgin da ya ɗauki fiye da fasinja 500 kuwa ba ya sauke kowa. Tsakaninka da fengwin mita biyar. Tsuntsayen na da hanyoyinsu da suka tattake cikin dusar ƙanƙara daga sheƙa zuwa teku, sun yi ja-ja da kashinsu saboda ƙananan jatan landen da suke ci, kuma idan hanyarka ta gitta tasu kai ne mai tsayawa. Dalilin a fili yake ga wanda ya tsaya ya duba. Fengwin na kwance a kan ƙwai cikin sheƙar da ya tara da tsakuwa ɗaya-ɗaya, can gefe kuma wani tsuntsu mai kama da shirwa na jira. In mutum ya razana uwar ta ɗaga na daƙiƙa kaɗan, ƙwan ya tafi. Tun da murar tsuntsaye ta isa Kudancin Jojiya a Oktoban 2023, ta kuma kai nahiyar a farkon 2024, an ƙara tsanani: ba zama, ba durƙuso, ba ajiye jaka a ƙasa. Tafin takalmi kaɗai ke taɓa Antaktika, shi ma an wanke shi.

Duk wannan lokaci jagora na kallon saman tsaunuka. Akwai wata iska mai nauyin sanyi da ke taruwa a kan tudun ƙanƙara ta gangaro kamar ruwan kwari, tana iya mayar da lafiyayyen ruwa fari fat cikin ɗan lokaci. Alamarta ita ce dusar ƙanƙara ta fara tashi kamar hayaƙi a kan ƙololuwa. Da ya gan ta, oba-oba za ta yi magana, a fara tattara mutane ba gudu ba ihu.

Komawa jirgi ba ita ce ƙarshen aiki ba. Kowa zai sa takalminsa a buroshi ya goge tsagogin tafin ɗaya bayan ɗaya, a duba, wanda ya rage ɗigon kashin tsuntsu ya koma. A rubuta shigowar kowa, a ƙirga, a sake ƙirgawa, kuma jirgi ba ya motsi sai lissafi ya cika. Tawagar gaɓa ce ke zuwa ƙarshe, bayan ta tuge tutoci, ta kwashe jakunkunan ceto, ta cike ramukan da ƙafafun mutane suka yi a dusar ƙanƙara, kada fengwin ya faɗa ya kasa fita. Fasinjoji na wajen cin abinci suna nuna wa juna hotuna sa'ad da ake ɗaga kwalekwale na ƙarshe, a wanke shi, a cika tankinsa, a ɗaure shi, domin da la'asar akwai wata saukar.

Jirgi ya juya kudu ya nufi mashigin Lemaire, siririyar hanya mai tsawon kilomita 11 tsakanin baƙaƙen duwatsu. A ɗakin tuƙi mai tsaro ya sauke madubinsa, ya sake ɗagawa, ya tsaya a kan wani wuri da ruwa ke ɗan karyewa can gaba. Ya faɗi lamba. Mai riƙe da sitiyari ya maimaita lambar, ya taɓa shi kaɗan. Goshin jirgi ya gusa kamar bai gusa ba, bayan minti biyu wani baƙin gutsure mai sheƙi ya wuce ta hagu yana nutso yana tasowa. A ɗakin cin abinci ko shayin da ke cikin kofi bai girgiza ba.